Wuyan da Bai Tsaya Ba: Alƙaluman Yaran Jigawa da Na'urorin Mutum-mutumi

A gidajenmu uwa ba ta buƙatar littafi kafin ta san lokacin da wuyan jariri ya kamata ya tsaya. Zanin goyo ne ma'auninta. A watannin farko takan ja shi har ƙeya don ya tallafe kan yaron, idan ya kai wata uku zuwa huɗu sai ta fara sassauto da shi zuwa kafaɗa, yaro ya riƙa waige-waige yana kallon mutane. Amma akwai iyaye mata a Dutse da Kiyawa da Jahun da Gwaram waɗanda shekara ta zagayo, ta biyu ma ta zo ta wuce, zanin bai sauko daga ƙeya ba. Da an ɗaga yaron sai kai ya langaɓe, ko ya rinjaya gaba ko ya koma baya. Daga nan ake shiga raɗa wa abin suna. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu kuma su ɗora wa uwar laifi.

A asibiti sunan larurar serebral falsi, da Hausa kuma akan ce shanyewar ƙwaƙwalwa. Rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarunsa na farko, ya taɓa sashen da ke sarrafa motsi da tsayuwar jiki. Raunin kansa ba ya ƙaruwa, ba a ɗaukar sa daga wani, kuma ya sha bamban da shan inna da ƙwayar cuta ke kawowa.

A 'yan shekarun nan injiniyoyi a Amurka da Turai sun duƙufa wajen ƙera na'urorin mutum-mutumi da za su koya wa irin waɗannan yara riƙe kai da zama. Labari ne mai daɗin ji ga duk mai irin wannan yaro a gida. Abin da ya rage shi ne mu jera alƙaluman na'urorin kusa da alƙaluman Jigawa, mu ga inda ya kamata a fara zuba kuɗi da ƙarfi.

Yara nawa ake magana a kansu?

Wani babban nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara rajistoci da binciken ƙasashe da dama, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ana samun larurar a jarirai 1.6 cikin kowace haihuwa 1,000. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicinsa adadin ya kai 3.4, wato ya ninka har da ɗori.

A Afirka akwai bincike biyu da suka shiga cikin al'umma maimakon jiran masu zuwa asibiti. Na Yuganda, a yankin Iganga da Mayuge, wanda aka wallafa a 2017, ya sami 2.9 cikin yara 1,000. Na Najeriya kuma an yi shi ne a Jihar Kuros Riba aka wallafa a 2020. Ya tabbatar da larurar a jikin yara 388 'yan shekara 4 zuwa 15, ya ƙiyasta 2.3 cikin 1,000. Kada mai karatu ya ga 2.3 ya ɗauka abin ya fi sauƙi a Najeriya. Wanda ya ƙirga 'yan shekara 4 zuwa sama ya ƙirga waɗanda suka rayu ne kawai, alhali da yawa daga masu larura mai tsanani sun rasu kafin mai ƙirga ya iso.

To mu kawo lissafin gida. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan 4.36, hasashen hukuma na 2022 kuma ya kai su kimanin miliyan 7.5. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 46 cikin 100 na mutanen gidajen Najeriya ba su kai shekara 15 ba. Jigawa ba za ta gaza haka ba, domin a binciken nan matsakaicin haihuwar mace a jihar 7.1 ne, na ƙasa baki ɗaya kuma 5.3. Kashi 46 na miliyan 7.5 ya ba mu yara kusan miliyan 3.45. Idan aka auna su da 2.3 za a sami kimanin 8,000, idan da 3.4 ne kuma kusan 12,000.

Wannan lissafi ne da aka ɗora a kan ma'aunin wasu wurare, kuma haka ya kamata a karanta shi. Amma ya isa ya nuna girman lamarin. Idan muka ɗauka ana haihuwar jarirai 40 ga kowane mutum 1,000 a shekara, Jigawa na samun haihuwa kimanin 300,000. A ma'aunin 3.4, sabbin yara wajen 1,000 ke nan kowace shekara, kusan uku a kullum. Ƙananan hukumomi bakwai na Masarautar Dutse, wato Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Buji, Gwaram, Jahun da Miga, sun ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin uku na jama'ar jihar a ƙidayar 2006. Rabonsu zai kama yara 2,600 zuwa 3,900, kuma kusan kullum ana ƙara ɗaya.

Matakai biyar, da waɗanda wuyansu bai tsaya ba

Larurar ba ta zuwa wa kowa da nauyi ɗaya. Tun 1997 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka kasa ta matakai biyar, kuma da wannan ma'auni ake aiki a asibitocin duniya. Yaron mataki na ɗaya yana tafiya da ƙafarsa, sai dai gudu da tsalle su ba shi wahala. Na biyu yana tafiya amma hawa matakala da doguwar tafiya sai da dafawa. Na uku sai da sanda ko abin turawa. Na huɗu keken guragu ne abin hawansa, zama ma sai an tallafe shi. Na biyar shi ne wanda kansa da gangar jikinsa ba sa tsayuwa sai an riƙe, kuma komai sai an yi masa.

Wani nazari na 2012 da Farfesa Iona Novak ta Ostireliya ta jagoranta ya taƙaita abin da ke tafe da larurar. Cikin masu ita, ɗaya cikin uku ba ya tafiya, ɗaya cikin huɗu ba ya magana, ɗaya cikin huɗu yana da farfaɗiya, ɗaya cikin uku ƙashin kwatangwalonsa yana gocewa, uku cikin huɗu suna fama da ciwo a jiki, ɗaya cikin 15 kuma sai da robar abinci. A rajistocin ƙasashe masu arziki, 'yan mataki na biyar sukan kama kimanin ɗaya cikin bakwai. Idan aka raba 8,000 zuwa 12,000 ɗinmu da bakwai, yaran Jigawa 1,100 zuwa 1,700 ne ke kwana su tashi ba su iya riƙe kansu ba. Su ne waɗanda ake fatan na'urar wuya za ta taimaka wa.

Wuya shi ne tushe, domin ƙarfin jikin jariri daga sama yake farawa ya gangaro ƙasa. Sai kai ya tsaya ido yake iya bin fuskar uwa, sai ya tsaya hannu yake iya kai wa abin da ido ya gani, sai ya tsaya ake zama, daga zama a yi rarrafe a miƙe. Haɗiya ma ta dogara da shi. Yaron da kansa ya koma baya ana ba shi kunu, kunun kan bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya ƙware, daga baya ya zama ciwon haƙarƙari. Uwa ta ji tsoron ƙwarewar ta rage abinci, tamowa ta biyo baya.

Lokaci kuma ba ya jira. Wani bincike na 2002 ya bi yara 657 a lardin Ontario na Kanada yana auna motsinsu shekara bayan shekara. Ya gano cewa yaron mataki na ɗaya yakan kai kashi 90 na iyakar motsin da zai samu yana da shekara 4.8, amma na mataki na biyar yakan kai nasa kashi 90 ɗin tun yana shekara 2.7, wato wajen shekara biyu da wata takwas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka yi shekara uku ana yawon neman magani da shi kafin a kai shi sashen gashi na asibiti, wato fisiyo, ya rasa mafi tsadar watanninsa. Da can sai yaro ya kai shekara ɗaya zuwa biyu ake tabbatar da larurar, amma ƙa'idojin da masana suka fitar a 2017 sun nuna ana iya gano ta kafin wata biyar. Ɗaya daga hanyoyin, gwajin Hammersmith, hannu da ido da takarda kawai yake buƙata, kuma yana kama kimanin yara 90 cikin 100 masu larurar.

Me na'urar take yi?

Ɗaya daga cibiyoyin da suka yi suna a wannan fage ita ce ɗakin binciken Farfesa Sunil Agrawal a Jami'ar Kolumbiya da ke birnin New York. Na'urar wuyan da suka ƙera tana zama a kafaɗu, wasu siraran sanduna su haɗa ta da maɗaurin goshi. A jikinta akwai ƙananan injina masu turawa da 'yan na'urori masu auna kowane motsi suna aika wa kwamfuta. Bambancinta da abin ɗaure wuya na asibiti shi ne, wancan yana ƙame wuya ne har tsoka ta daina aiki, ita kuwa wannan tana barin mai ita ya yi iya ƙoƙarinsa, sai inda ƙarfinsa ya ƙare ta ɗan tallafa.

A 2019 suka wallafa gwajin da suka yi da ita a kan manya 11 masu cutar ALS, wadda ke cinye jijiyoyin motsi, tare da lafiyayyu 10 don kwatantawa. Na'urar tana iya bin kimanin kashi 70 cikin 100 na juyin da kan mutum ke yi. A 2020 kuma suka wallafa gwajin wata 'yar'uwarta mai suna TruST, ɗamara ce da ake ɗaura wa yaro a gangar jiki, igiyoyi su haɗa ta da injina. Yara huɗu masu shanyewar ƙwaƙwalwa aka gwada ta a kansu, kowanne ya yi zama 12 na awa bibbiyu, yana wasa yana miƙa hannu ya ɗauko abu, ɗamarar tana tare shi idan zai faɗi. Bayan horon, faɗin wurin da suke iya kai hannu suna zaune ya ƙaru. A Sifaniya ma masu bincike sun ƙera ENLAZA, 'yar na'urar da ake ɗaura wa yaro a kai ya riƙa buga wasan kwamfuta da juyin kansa, aka gwada ta a kan ƙaramin rukunin yara.

A lura da waɗannan lambobi: 11, 10, 4. Gwaje-gwajen farko ne da ke nuna abin yana yiwuwa, kuma masu binciken da kansu haka suke kiran su. Haka ma babban nazarin da aka wallafa a 2020, wanda ya auna magunguna da dabarun wannan larura ya raba musu launin fitilar hanya, ya ba na'urorin mutum-mutumi ruwan ɗorawa, ma'ana akwai alamar amfani amma hujja ba ta yi ƙwari ba tukuna. Daga cikin waɗanda suka sami kore akwai horo mai takamaiman buri, inda yaro ke maimaita ainihin abin da ake so ya iya, da kuma shirin horo a gida wanda iyaye ke gudanarwa bisa jagorancin ƙwararre.

Nan ne darasin na'urar yake. Abin da ke sa ta aiki shi ne yaro yana motsa kansa da kansa, yana maimaitawa sau ɗaruruwa, cikin wasa, ana taimaka masa daidai gwargwadon buƙata. Wannan dabara ba ta rataya a kan lantarki ba.

Lissafin awoyi: 24 da 182

Mu ɗauka an sayo na'ura ɗaya an girke ta a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, kuma kowane yaro zai sami awa 24 kamar yadda aka yi a gwajin 2020. Idan ta yi aiki awa 8 a rana, kwana 5 a mako, mako 50 a shekara, ba ɗauke wuta ba lalacewa, awa 2,000 ke nan. A raba da 24, yara 83 za ta gani a shekara. Kafin ta zagaye yara 1,100 zuwa 1,700 sau ɗaya tak, sai an yi shekara 13 zuwa 20. A cikin kowace shekarar kuma ana haifar sabbin 'yan mataki na biyar wajen 140, wato layin yana ƙara tsawo ne fiye da yadda na'urar ke rage shi.

Sannan na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Sai da likitan fisiyo a gefenta, da injiniyan da zai gyara ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ƙwararrun gyaran gaɓoɓi ba su kai 10 ga mutum miliyan ɗaya ba. A wannan ma'auni, jiha mai mutum miliyan 7.5 ba za ta kai ƙwararru 75 ba, kuma su ne za su duba masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka yi hatsari a hanya, da masu shan inna, da masu ciwon baya.

Ga kuma aljihun iyaye. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa kimanin kashi 84 cikin 100 na mutanen Jigawa cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma a Najeriya fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Zama 12 yana nufin uwa ta goyo yaro mai nauyi daga wani ƙauye a Gwaram ko Miga, ta hau babur zuwa bakin titi, ta shiga mota zuwa Dutse, ta koma, har sau 12, ta bar sauran yara da sana'arta. Da yawa za su fara, kaɗan za su ƙarasa.

Yanzu a duba ɗaya ɓangaren. Uwar da aka koya wa yadda za ta kwantar da yaro rub da ciki a kan naɗaɗɗen zani, ta zauna gabansa da abin wasa mai ƙara don ya ɗago kai, ta zaunar da shi a cinyarta tana riƙe kafaɗa maimakon ƙeya, idan ta yi minti 30 kullum, a shekara ta tara awa 182. Ya ninka awa 24 sau bakwai da rabi, ba kuɗin mota. Gaskiya ne awar gida ba ta kai ta na'ura daidaito ba, kuma sai an koya wa uwa sosai ana bibiyar ta. Amma likitan fisiyo ɗaya zai iya koya wa mata goma a zama guda, abin da na'ura ba za ta yi ba.

Daga ina raunin yake zuwa?

Binciken Kuros Riba ya bi diddigin musabbabi a yaran nan 388. A 248 daga cikinsu raunin ya faru ne kafin haihuwa ko a lokacinta ko jim kaɗan bayanta. Cikin waɗannan, 118 sun rasa numfashi ne wajen haihuwa, 59 kuma shawara ce mai tsanani ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sauran 140, wato kashi 36, an haife su lafiya, daga baya ciwo ya same su, akasari zazzaɓin cizon sauro mai zuwa da jijjiga, sai kuma sanƙarau. Idan aka haɗa 118 da 59 da 140 za a sami 317 cikin 388. Yara takwas cikin goma ke nan da musabbabin larurarsu abu ne da ake da hanyar kare shi ko rage shi.

Duk ƙofofin nan a buɗe suke a Jigawa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin haihuwa ɗaya cikin biyar ce kawai ake yi a asibiti a jihar, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 39 ne. Kusan jariri ɗaya cikin goma yana buƙatar a taimaka masa ya fara numfashi, kuma minti na farko shi ne mai tsada. A Tanzaniya an horar da ma'aikatan asibitoci takwas yadda za su goge jariri, su motsa shi, su ba shi iska da 'yar jakar hannu, sai mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47, kamar yadda aka wallafa a 2013. Wannan jaka ya kamata a same ta a kowane ɗakin haihuwa daga Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da masu haihuwa da jarirai tun 2008, har zuwa ƙaramin asibitin mazaɓa.

A wancan binciken na 2018, fiye da yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Jigawa an sami ƙwayar maleriya a jininsu, a ƙasa baki ɗaya kuma kashi 23. Maganin rigakafin da ake raba wa yara gida-gida da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ya rage kamuwa da kimanin kashi uku cikin huɗu a gwaje-gwaje. Sanƙarau ma bai bar mu ba. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023 an sami mutum 1,686 da ake zargin sun kamu a Najeriya, 1,252 daga cikinsu, wato kashi 74, a Jigawa suke.

Shawara kuwa ita ce aka fi rainawa. Jariri ya yi kwana uku ido ya yi ruwan ɗorawa, a ce a ba shi jiƙo a jira suna. Idan ta yi yawa a jini takan shiga ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki, ta bar yaro da murɗewar jiki da kurumta har ƙarshen rayuwa. Kafur da ake sa wa kayan jariri da lallen da ake shafa masa suna iya tayar da ita ga jariran da ke da wani rauni na gado a jini. Maganinta haske ne na musamman a asibiti.

Ba duk abin da ya yi aiki a can ke yi a nan ba

Akwai gwaje-gwaje biyu da ya kamata duk mai sayo wa asibiti na'ura ya sani. A ƙasashe masu arziki, sanyaya jikin jaririn da ya rasa numfashi wajen haihuwa na rage mutuwa da naƙasa. Da aka gwada dabarar a kan jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladesh, sakamakon da aka wallafa a 2021 ya girgiza masana: kashi 42 na waɗanda aka sanyaya sun rasu, waɗanda ba a sanyaya ba kuma kashi 31.

Na biyun a Legas aka yi shi, aka wallafa a 2015. An gwada jarirai 447 masu shawara, aka sa wasu a ƙarƙashin fitilar asibiti, wasu kuma a rumfar da aka rufe da wata leda ta musamman mai tace hasken rana, tana tare zafi da haske mai ƙona fata. Rumfar ta yi aiki a kashi 93 na kwanakin jinya, fitilar kuma a kashi 90. A kula, shanya jariri a rana tsagwaronta haɗari ne, ledar da sa idon ma'aikata su ne sirrin. Dabara mai tsada daga waje ta gaza, mai araha da aka gwada a gida ta yi nasara. Na'urar wuya ma sai an auna ta a kan yaranmu kafin a ce ta dace da mu.

Maganar rai ce

Masu binciken Yuganda sun ci gaba da bibiyar yara 97 daga 2015 zuwa 2019. Cikinsu 15 sun rasu, kuma yawan mutuwarsu ya ninka na sauran yaran yankin sau 25. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mataki na huɗu da na biyar da masu tamowa mai tsanani. A Gana an tara iyalai 75 cikin ƙungiyoyi, ana koya wa iyaye zaunar da yaro da ciyar da shi da wasa da shi, wata-wata har kusan shekara. Jin daɗin rayuwar iyayen ya ƙaru ƙwarai, amma yara takwas sun rasu kafin a kammala. A jihar da binciken 2018 ya nuna fiye da kashi 60 na ƙananan yara sun tsumbure saboda ƙarancin abinci, yaron da ba ya iya haɗiya da kyau shi ne a bakin rami.

Saboda haka kujerar da za ta riƙe kan yaro a tsaye lokacin cin abinci kayan ceton rai ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna a wasu ƙasashe matalauta mutum 3 ne kawai cikin 100 masu buƙatar kayan tallafi irin wannan suke samu. Amma tun shekaru da dama aka ɓullo da dabarar yin irin kujerun da kwali da takarda da ƙullun fulawa a Zimbabuwe, kuma ana amfani da ita a Gana da Kenya. Kafintocin Dutse da masu walda na Birnin Kudu za su iya yin wadda ta fi ta ƙarko idan likitan fisiyo ya ba su awo.

Inda ya kamata a fara

Na farko, a ƙirga yaran. Asibitin Rasheed Shekoni, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da manyan asibitocin Dutse da Jahun su haɗa rajista guda, a rubuta kowane yaro da matakinsa da musabbabinsa da ƙauyensa, don lissafin da muka yi a sama ya ba ainihin ƙidaya wuri.

Na biyu, a yi amfani da ranakun rigakafi. Uwa tana kawo jariri a mako na 14 da kuma wata na 9. A na farko ma'aikaciya ta duba ko wuya ya fara tsayuwa, a na biyu ta duba zama, domin binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna kusan duk lafiyayyun yara sun zauna da kansu kafin su wuce wata tara da 'yan kwanaki. Makarantar koyon jinya da ungozoma ta Birnin Kudu da ta kimiyyar lafiya ta Jahun su sa wannan a darasi.

Na uku, a ɗauki ƙarin likitocin fisiyo, a tura su ƙananan hukumomi su kafa ƙungiyoyin iyaye. Jigawa tana da tarihin da za ta ɗora a kai, domin a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu naƙasa naira 7,000 duk wata, kuma tun Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta hana nuna musu bambanci. Yaron da ba ya iya fita daga ɗaki shi ma yana da haƙƙi a irin wannan tallafi.

Na huɗu, a ba na'ura matsayinta. Wurinta asibitin koyarwa ne da ɗakin bincike. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, da Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure suna da matasan da za su iya haɗa 'yar na'urar auna motsin kai da wasan wayar hannu mai magana da Hausa, mai caji da hasken rana, wadda uwa za ta tafi da ita gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai injiniya da likita da uwa sun zauna tare.

Ku kuma iyaye, maza da mata, ga abu uku da za ku riƙe. Idan naƙuda ta zo a tafi asibiti da wuri. Idan idon jariri ya yi ruwan ɗorawa a makon farko, a kai shi a ranar, kada a jira suna. Idan ya wuce wata huɗu wuya bai tsaya ba, ko ya wuce wata tara bai zauna ba, a nemi sashen gashi na asibiti mafi kusa. Yaron nan ɗan Adam ne kamar kowa, amana ce Allah Ya ba ku, kuma mahaifiyarsa ba ta yi laifin komai ba. A fito da shi tsakar gida cikin 'yan'uwansa, a zaunar da shi, a kira sunansa har ya ɗago kai ya dube ku.